Ɗan acaɓan da ke ganin matakala biyu

Ina shekarar ƙarshe a karatun likita aka kawo mana wani ɗan acaɓa da ya faɗi a babur, ba hular kwano. Hoton ƙwaƙwalwa bai nuna jini ba, aka sallame shi. Bayan sati biyu ya dawo, wai in zai sauko daga bene sai kowace matakala ta zama biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na haska masa tocila, na sa ya bi yatsana dama da hagu, ban ga komai ba. A raina na ce firgici ne bai sake shi ba.

Malamarmu tana shigowa, ko takardata ba ta duba ba.

"Malam, tun yaushe kake karkata kai hagu haka?"

"Ranki ya daɗe, ni ban ma san ina yi ba."

Ta karɓi katin shaidarsa ta dubi hoton: kai a miƙe. Ke nan karkatar sabuwa ce. Ta kwantar da kansa wajen kafaɗar dama, sai ga idon dama ya yi sama ƙiri-ƙiri. A jerin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta huɗu ce ta taɓu.

Na haddace tun a aji cewa jijiyoyi uku ke juya ido, ta 3 da ta 4 da ta 6. Ta 6 idan ta taɓu ba ta ɓuya, ido kan karkato wajen hanci. Ta 3 kuwa kowa na tsoronta: fatar ido ta faɗo, baƙin tsakiyar ido ya buɗe, wanda bayan buguwa kan iya nufin jini na danne ƙwaƙwalwa, sai tiyata cikin gaggawa. Amma ta 4 ita ce mafi siranta, ita kaɗai ke fitowa ta bayan tushen ƙwaƙwalwa, ga doguwar hanya, shi ya sa ko ƙaramar buguwa kan ji mata. Aikinta saukar da ido idan ya juyo wajen hanci. Ni kuwa dama da hagu kawai na gwada, alhali mutumin da bakinsa ya ce min matakala.

Muka rufe masa ido ɗaya, aka ce a jira wata shida kafin a yi zancen tiyata, don sau da yawa takan farfaɗo da kanta. Ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"To likita, babur ɗin fa? Da shi nake ci da iyali."

Malama ta ce ya ba ƙaninsa ya riƙa ja tukuna.