Ɗanyen kashin kaji ya ƙone min kabeji

Har yau in na wuce ta gefen fangalin nan guda huɗu sai raina ya sosu wallahi, duk da yanzu wani kabejin ne a ciki har ya fara naɗe kai. Sati biyar na yi asara, ba don rashin ruwa ba, ba tsutsa ba, taki ne da na saya da kuɗina na zuba da hannuna.

Filin ɗan ƙarami ne, kawuna ya yanka min a gefen lambunsa can wajen Bukuru da ke gefen Jos, kusa da wani tsohon kududdufin haƙar kuza da mutanen wurin ke ban ruwa da shi. Ƙarshen Fabrairu na shiga, hunturu na janyewa, ƙasa ta bushe ƙamas. Kaftu da fasa hoge da ja fangali duk wannan kun san shi, kwana uku na gama. Irin kabeji kuma tun farkon wata na yafa shi a wurin reno na rufe da busasshiyar ciyawa, ya fito gwanin sha'awa, burina dai ya kama ƙasa ya yi ƙarfi kafin ruwan Afrilu ya sauka, in cire shi kafin damina ta yi nisa ruɓa ta fara.

To ƙasar gefen kududdufan kuzan nan ba ta da ƙarfi, yashi-yashi ce, sai da taki. Masu lambun Jos sun daɗe suna haɗa tokar juji da kashin kaji, ni kuma na ga ga gidajen kaji ko'ina sai na je wani na sayo buhu shida, a ranar aka kwashe shi daga ɗakin kajin. Da na ɗora hannu a kan buhun ɗumi na ji, da na kwance bakin kuma warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa, amma a raina cewa na yi ai wannan shi ne mai ƙarfin. Na bi rami-rami na zuba cikin tafi biyu, washegari da yamma na yi dashe a kai kai tsaye.

Kwana uku gefen ganyen ya fara ƙonewa kamar an kara masa wuta, da rana su kwanta, da safe ma ba su tashi. Na ɗauka ƙishi ne na ƙara ruwa safe da yamma, abin sai gaba yake. Da na tumɓuke guda ɗaya na duba, saiwar ta koma ruwan ƙasa, ƙananan fararen jijiyoyin nan masu kamar gashi duk babu su.

Wani dattijo da lambunsa ke maƙwabtaka da namu shi ya zo ya tsuguna ya tona ramin da yatsa ya shinshina. Ya ce, "Ɗana, takin nan yaushe ya baro gidan kaji?" Na ce, "Baba, yau kwana biyar." Ya girgiza kai ya ce, "Ai bai huce ba, wuta ka binne musu." Abin da ya fi min ciwo, ranar da ake sauke buhunan yana nan zaune a gindin mangwaro, gaisuwa kawai muka yi ban tambaye shi komai ba.

Ɗanyen kashin kaji sinadarin amoniya ya yi masa yawa, shi ne warin nan mai shiga ido, ga gishiri-gishiri, ga zafin da yake fitarwa in ya fara ruɓewa, saiwar ɗan dashe ba ta iya ɗauka. Baba ya sa na tara sauran buhu biyun wuri ɗaya na cakuɗa da busasshiyar ciyawa, in yayyafa ruwa, in juya duk sati. Ya ce kar in kusantar da shi ga shuka sai warin ya tafi, ya yi baƙi yana marmashewa a hannu, in na cusa hannu cikin tulin kuma in ji sanyi. Nawa sai da ya kusa wata biyu.

Latas da alayyafo da na sa a ɗaya ɓangaren, tsohon kashin shanun kawu kawai suka samu da ɗan toka, lafiya lau suka yi har mun ci mun ba maƙwabta. Ruwan farko ya sauka ƙarshen Maris sannan ya ɗauke kusan sati biyu, wannan kam bai ruɗe ni ba, ban ajiye bokiti ba.

Karas ma bai tsira ba, don fangali ɗaya ya samu ragowar ɗanyen takin. Ya fito, ganye shar, amma jiya da na ciro na gwaji duk ya yi rassa biyu uku kamar yatsu, irin wanda ko kallonsa ba za a yi ba a kasuwar kayan lambu ta Farin Gada da ke Jos. Fangalin kabejin kuwa sai da na bar su ina ta shayar da su ruwa ba komai a ciki, na sake sayen iri na sake reno daga farko, kuma wannan karon kafin in dasa ko guda ɗaya sai da na kira Baba ya zo ya sa hannunsa a ƙasar.