Daren Asabar a ɗakin gaggawa

Lahadi, Landan. Tun ƙarfe tara na dawo daga aikin dare amma bacci yaƙi zuwa, na kwanta na tashi na sha shayi na sake kwanciya, bari dai in rubuta ko zuciyata ta sauka.

Wajen uku da rabi ambulan ta kawo mana wani yaro, sa'an ƙanina ne bai fi 26 ba, ko motsi baya yi, amai ya bushe a gefen bakinsa, numfashi sama-sama kamar zai ɗauke. Sai da likita ta zura masa bututu aka jona shi da injin numfashi. Abokinsa da ya biyo shi takalman ƙafarsa ma ba iri ɗaya bane, jikinsa sai kyarma yake. Nace me ya sha, yayi shiru, nace ni fa nas ce ba 'yar sanda ba, dan Allah ka faɗa min rai ne a hannunmu. Sannan yace G ne da Tina, wai tun daren Juma'a suna wani gida su shida ba wanda ya runtsa.

Anan chemsex suke ce ma abin, maza masu neman maza su haɗu ta manhajar waya, a sha ƙwaya a kwana biyu uku ana jima'i. Tina ita ce crystal meth, tana hana bacci da cin abinci, zuciya tayi ta dukan uku-uku, wasu har su fara jin muryoyi, wasu kuma allurarta suke yi. G ɗin nan kuwa, GHB ko GBL, ruwa ne garau ba kala, kuma tsakanin abin da zai sa maye da wanda zai sumar da mutum ɗan ɗigo ne kawai, in ya haɗu da giya sai dai wani ikon Allah.

Abin da ya tsaya min a rai wallahi, kusan awa biyu yaron yana kwance rigingine yana minshari suka ɗauka bacci ne har bargo suka lulluɓa masa. Minsharin nan ba na bacci bane, hanyar numfashi ce ke toshewa. Ko juya shi gefe ba wanda yayi. Nace me ya hana ku kiran 999 tun farko, yace tsoro, kar 'yan sanda su zo, kar iyayensu su ji. Na kasa yi masa faɗa, don shi kaɗai ne a cikinsu ya iya ɗaga wayar.

Bakwai saura yaron ya farka aka cire bututun. Maganarsa ta farko da dasasshiyar murya wai mun kira mamansa? Nace a'a. Sai hawaye. Bai tuna komai daga yammacin Asabar ba, bai san wa ya taɓa shi ba, da kwaroron roba ko babu, kuma PrEP ɗinsa na kariyar HIV kwana uku bai sha ba. Aka fara masa PEP, maganin hana kamuwa da HIV bayan an riga an sadu, tunda awa 72 bata cika ba, zai sha kwana 28, aka ɗibi jini saboda ciwon hanta nau'in C don sun yi karɓa-karɓar allura. Likita ta ja masa kunne in kullum yake shan G kar ya yanke shi lokaci ɗaya shi kaɗai a gida, yana iya jawo jijjiga har rasa rai. Na rubuta masa asibitin 56 Dean Street dake Soho, sun daɗe suna kula da masu wannan matsalar.

Ni dai na san tarbiyyata da abin da addinina yace, amma da na riƙe hannun nan mai sanyi ƙalau ba abin da nake roƙo sai Allah ya tashe shi. Ya naɗe takardar ya cusa cikin safarsa don wandon ba aljihu. Takwas zan koma, in na shiga allon sunaye zan fara dubawa in ga ko an sallame shi.