Daren da Spider-Man ya tuɓe abin rufe fuskarsa

Cikin labaran Spider-Man da na karanta, wanda ya fi zauna min a rai babu ko naushi ɗaya a cikinsa. Yana cikin mujallar The Amazing Spider-Man fitowa ta 248, wadda kamfanin Marvel na Amurka ya buga da kwanan watan Janairun 1984. Roger Stern ya rubuta, Ron Frenz ya zana. Ba shi ne ma babban labarin fitowar ba, a ƙarshen mujallar aka maƙala shi, shafi 11 kacal.

Wani yaro ne, Tim Harrison, ɗan shekara tara, ba shi da aiki sai tara duk abin da ya shafi Spider-Man: labaran da ya yanko daga jaridu, hotuna, har da harsasan da ya ƙwaƙulo daga bango inda jarumin ya taɓa karawa da 'yan fashi. Wani ɗan jarida ya buga labarinsa, kwatsam sai ga Spider-Man cikin dare a ɗakinsa. Suka zauna hira. Ya ba shi labarin gizo-gizon da ya cije shi, ya nuna masa na'urar wuyan hannunsa mai feso yana, ya kuma faɗa masa abin da ya fi ci masa rai, wato ɓarawon da ya ƙyale ya wuce, wanda daga baya ya kashe baffansa Ben.

Zai tafi ke nan yaron ya ce yana so ya san ko shi wane ne. Da fari ya ƙi, sai kuma ya juyo ya tuɓe abin rufe fuskar. Ashe Peter Parker ne, mai ɗaukar hoton da ke sayar wa jaridar da ta fi kowa zagin Spider-Man hotunan Spider-Man. Me yaro zai yi in ba dariya ba.

Wanda ya tashi a Daura ya san wannan ƙaiƙayin na son ganin fuska. Mu namu jaruman 'yan lifida ne, ranar Hawan Magajiya ko lokacin Sallar Gani. Mutum ya sha lifidi shi da dokinsa, ga kwalkwali da gashin jimina, idanu kawai kake hangowa, su ma sai ka dage. Wata shekara muka bi ɗaya daga cikinsu tun daga ƙofar fada har lungun da ya sauka. Ya cire kwalkwali, kai sharkaf da gumi, sai ga telan unguwarmu wanda ya ɗinka min kayan sallar da ke jikina. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan gidan Malam, maza ɗebo min ruwa a randa." Na sheƙa a guje na kawo. Ko kaɗan bai ragu a idona ba, sai ma na fi wata guda ina yi wa yara kurin cewa ni na ba ɗan lifida ruwa.

Shafin ƙarshe na mujallar ne ake jayayya a kansa. A nan ragowar labarin jaridar ke bayyana cewa Tim yana fama da sankarar jini, makonni kaɗan suka rage masa. Wani abokina malamin makaranta a Katsina ya ce wannan ha'inci ne: jarumin ya ba da sirrinsa ne don ya san za a binne shi tare da yaron. Ban yarda ba. Mutumin da a lokacin ko gwaggo May da ta rene shi bai faɗa wa ba, ya tsaya gaban yaro ya amsa laifinsa da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi.

Da aka mayar da labarin katun na talabijin a shekarun 1990, an mai da yaron yarinya, aka kuma cusa faɗa da Doctor Octopus, wani abokin gaban Spider-Man, a ciki. A nan suka ɓata shi, a ganina.