Waye ke riƙe da kujerar likitan haƙori a Gusau?

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci a garin nan ya san yadda layin ganin likitan haƙori yake. Tun da sassafe benci ya cika, kowa hannu a kunci, wani daga Ƙauran Namoda wani daga Talata Mafara, an sha ƙaninfari da gishiri har an gaji sannan aka taho.

Ni abin da ke damuna shi ne wa ke ɗauke da wanga nauyi. Wallahi sabbin likitoci ne. Sun yi shekara 6 a jami'a, ga shekara guda ta sanin makamar aiki kafin MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, ta ba su cikakken lasisi, ga bautar ƙasa, kuma su ke cirewa su ke ciko su ke wankin haƙori, in an kawo ɗan acaɓa da muƙamuƙi a karye cikin dare su za a tasa. Manya kam sun rage zama kujera, sun koma tiyata da koyarwa da ofis, kuma ban ga laifinsu ba, mutum ya shekara ashirin a sunkuye kan bakin jama'a ai dole wuya da baya su gaya mishi. Matsalar ita ce na tsakiya, waɗanda hannunsu ya faɗa kuma da sauran ƙarfi, su ne ke ficewa Saudiyya da Ingila.

A Ingila da Amurka likitocin haƙori mata sun fi maza ɗaukar aikin rabin lokaci, musamman in yara na ƙanana. To a nan in likita mace ta rage aiki wa zai karɓe ta? Ga shi matanmu da yawa sun fi sakewa da mace, wata za ta ce "Likita, ke nike jira ko la'asar za a kai", sai ka ga layinta ya fi na kowa tsawo, ta tashi ko ruwa ba ta sha ba, gida kuma wani aikin na jiran ta.

Kuma tunda kowa na maƙale a kujera, babu mai sararin shiga ƙauye ya duba bakin yara. Cutar noma, mai cin naman baki da fuskar yara, wadda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, daga dasashi take farawa, in an gan ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau na tsayar da ita. In an makara sai asibitin noma na Sakkwato, lokacin ta riga ta ci kunci.