Wasiƙa daga Ingila: kafin a manna lambar QR a kan kabari

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga wata magana da ta fara shigo wa mutanenmu da ke binne nasu a nan, wadda kuma sau da yawa ku ake bugo wa waya a nemi shawararku a kanta.

A wasu makabartun ƙasar nan, mutum zai ga ɗan ƙaramin faranti, bai kai tafin hannu ba, manne a gindin dutsen kabari, ɗauke da zanen nan na baƙi da fari da ake kira lambar QR. Aka haska shi da waya sai shafin intanet ya buɗe: hotunan mamaci, tarihinsa, saƙonnin ta'aziyya, wani lokaci har da muryarsa. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro lambar a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota. A 2008 wani kamfanin sassaƙa duwatsun kabari a can Japan, Ishinokoe, ya fara sa ta a kaburbura, sai Quiring Monuments na Siyatil a Amurka ya biyo baya a 2011, nan Ingila kuma masu shirya jana'iza na Chester Pearce suka fara a 2012. Yanzu tallarta har cikin wayar masu makoki take zuwa, a lokacin da zuciya ta yi rauni, ba a iya tsayawa a yi tambaya.

Ga Musulmi, maganar tana farawa ne daga malamai. Hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kansa, kuma a riwayar Tirmizi an ƙara da hana rubutu. A ɗaya gefen, Abu Dawud ya kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a kabarin Usman bin Maz'un don ya riƙa gane shi. Tsakanin waɗannan nassoshi ne malamai suka yi saɓani a kan rubuta suna. Alama don gane kabari abu ne daban, kafa dandalin hotuna da yabo a kansa abu ne daban, kuma a ganinmu na biyun ya yi nisa da sunna. Sannan kowace makabarta a nan tana da dokarta. Makabartar Musulmi ta Gardens of Peace da ke gabashin Landan, alal misali, kaburburanta iri ɗaya ne, mai kuɗi da talaka ba bambanci. Ba a manna komai sai an nemi izinin masu kula da wurin.

Wanda ya ga ya halatta masa, ko ɗan uwanmu Kirista da wannan saɓani bai shafa ba, ya san cewa aikin yana da ƙa'ida. Lambar QR ƙananan murabba'ai ce a jere, mafi ƙanƙantarta 21 a tsaye 21 a kwance, kuma gwargwadon tsawon adireshin intanet da aka cusa mata, gwargwadon yawan murabba'an. Tana da matakai huɗu na jure lalacewa: L yana jure kusan kashi 7 cikin 100, M kashi 15, Q kashi 25, H kashi 30. Abin da zai kwana a waje cikin ruwa da sanyi da kashin tsuntsu, matakin H ya kamace shi. Amma H yana cin fili. Adireshi mai haruffa 30 a wannan mataki yana fitar da 33 sau 33, kuma dole a bar farin fili na murabba'i 4 a kowane gefe, ya zama 41. A faranti mai faɗin santimita 5, kowane murabba'i zai tashi kimanin milimita 1.2, wanda waya ke karantawa ba wahala daga kusa. Adireshin ya kai haruffa 100, sai lambar ta koma 57 sau 57, murabba'in ya gaza milimita 1, ɗan ƙura kaɗan ya toshe shi. Don haka a gajarta adireshi tun farko.

Manyan murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyi su ne idon lambar, da su waya ke gane inda ta dosa. Tsakiya ta karce ana iya tsira, amma ƙusa ko gam ya ci ɗaya daga cikinsu, aiki ya ɓaci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sassaƙa lambar kai tsaye a jikin baƙin dutse mai sheƙi. Ranar da aka gama ta, tana fitowa fes, toka-toka a kan baƙi. Ruwan sama na taɓa ta, inda aka sassaƙa ya jiƙe ya yi duhu, ya saje da sauran dutsen, waya ta yi ta laluben abin da ba ta gani, ga shi kuwa ƙasar nan ba ta rabuwa da yayyafi. In rana ta fito kuma sheƙin ya dallare kyamara. Bayan 'yan shekaru gansakuka ta cika ramukan. Faranti daban ya fi: ƙarfen da ba ya tsatsa wanda aka zana da leza, ko tangaran da aka gasa zanen a jikinsa, baƙi a kan fari, marar sheƙi. Na roba da na takarda mai gam rana tana koɗar da su. A goge dutsen ya bushe sarai kafin a manna, don in ruwa ya maƙale a baya, sanyin hunturu zai daskarar da shi, ƙanƙarar ta kumbura ta ɓamɓare farantin. Kafin gam ya kama, a gwada da waya biyu ko uku, har da tsohuwa.

To amma duk wannan mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lambar ba ta ɗauke da hoto ko tarihi, adireshi kawai ke cikinta, kayan suna can a kwamfutar wani. Dutse zai yi shekara ɗari yana tsaye, shafin intanet kuwa haya ne. Sunan shafi irin na .com ba a iya biyan kuɗinsa gaba ɗaya fiye da shekara 10, kuma in aka manta ba a sabunta ba, kowa na iya saye ya zuba abin da ya ga dama, tallar caca ko abin da ya fi ta muni, lambar da ke kan kabarin mahaifinka ta riƙa kai mutane can. Wannan ne abin da ya fi ɗaga mana hankali a duk lamarin. Yawancin kamfanoni kuma lambar da suke bayarwa ta cikin rumbunsu take bi kafin ta kai ga shafin, ranar da suka rufe ta mutu. Kada girman kamfani ya ruɗi kowa. Yahoo ya rufe dandalinsa na GeoCities a 2009 da shafukan mutane birjik a ciki. Google ya sanar a 2024 cewa zai kashe gajerun adireshinsa na goo.gl, daga baya ya sassauta ya ce zai bar waɗanda ake yawan amfani da su. Adireshin kabari, wanda sai a yi wata da watanni ba a taɓa ba, yana cikin irin waɗanda ake fara sharewa.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin "biya sau ɗaya har abada", ya tambaya a rubuce: adireshin na waye, za a iya sauke komai a ajiye, me zai faru in kamfanin ya rushe? Gara iyali su mallaki sunan shafin da kansu, mutum biyu su san kalmar sirri, ɗaya a nan ɗaya a gida, a kuma buga tarihin a takarda. Kada a sa cikakkiyar ranar haihuwa, ko sunan mahaifiya, ko adireshin gidan da matarsa da marayu suke, don duk mai wucewa zai iya haskawa, 'yan damfara kuma da irin wannan suke aiki. A riƙa duba farantin ma, tunda an sha kama lambobin bogi da aka manna a kan na gaskiya a injinan biyan kuɗin ajiye mota a ƙasar nan.

Abin da muke ganin ya fi cancanta ku ɗauka daga nan ba ya kan dutse, yana ofishin makabarta. Dokar makabartu ta 1977 ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila da Wales ajiye rajistar duk wanda aka binne da taswirar kaburbura, shi ya sa jika ke zuwa bayan shekara 50 a nuna masa wurin. A gida kuwa, fasasshiyar tukunya ko reshen itace ko ɗan allon ƙarfe ne alama, damina biyu ta wuce sai a dogara da ƙwaƙwalwar masu haƙa, su ma in sun tafi shi ke nan. Wayar hannu ba za ta magance wannan ita kaɗai ba: GPS ɗinta yakan yi kuskuren mita 3 zuwa 5, kaburbura kuwa suna manne da juna, sai ta tsayar da kai a kan na wani. Abin da ke aiki shi ne a raba makabarta gida-gida da turakun siminti masu harafi, kowane layi da lambarsa, kowane kabari da tasa. A rubuta suna, da ranar binnewa, da harafin gida, da layi, da lamba a babban littafi a ranar, kafin a watse. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan, a shigar a kwamfuta, a ba limami kofi ɗaya, mai unguwa kofi ɗaya. Kwamitin makabarta da 'yan samari biyu masu waya sun isa su fara da sabon layin da za a buɗe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haskaka kaburburansu. Wassalam.

Daga 'yan uwanku a Landan.