Injin zuƙe ruwan yankan ƙarfe da lakar gindin tanki

Kusan duk injin da ake sarrafa ƙarfe da shi, na feƙewa ne ko na huda ko na wasawa, yana da tanki mai faɗi marar zurfi a ƙarƙashinsa, inda ruwan da ke sanyaya bakin wuƙa yake gangarawa ya taru kafin famfo ya sake turo shi sama. Galibin wannan ruwa haɗi ne, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari mai na musamman, saura kuwa ruwa zalla. Idan lokacin kwashe shi ya yi, abin da masu aiki suka fi tambaya shi ne wane injin kwashewa ne ya fi sauri. A ganina tambayar ba ta kama hanya ba, domin ko ƙaramin famfo zai iya kwashe ruwa. Abin da ke gagara shi ne lakar da ta kwanta a gindi, kuma da ita ya kamata a auna duk injin da za a saya.

Wanda ya taɓa jawo tankin waje ya zura cebur a ciki ya san yadda take: baƙa ce ko ruwan toka, mai nauyi, mai danƙo, idan aka murza ta tsakanin yatsu cikin safar hannu sai a ji tsakuwa-tsakuwa. Garin ƙarfe ne da ya zarce rariya, da ɓarɓashin dutsen wasawa, da man shafawa da na haidurolik da suka yoyo daga jikin injin. Tana cin wurin da ruwa zai zauna, don haka ruwan ya ragu, ya riƙa ɗaukar zafi da wuri, kuma bai samun lokacin da garin cikinsa zai kwanta kafin famfo ya mayar da shi kan aiki, inda zai ci bakin wuƙa ya ɓata fuskar abin da ake gurza. Mafi muni kuma, a cikinta ƙwayoyin bakteriya suke fakewa. Idan man da ya yoyo ya shimfiɗu a saman ruwa ya hana iska shiga, nau'in da ke rayuwa ba tare da iskar oksijin ba sai ya yaɗu, ya riƙa fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tarbar ma'aikata bayan inji ya kwana biyu a kashe. Zuba sabon ruwa a kan tsohuwar laka asara ce kawai, domin ba zai daɗe ba zai koma yadda na jiya yake.

Famfo mai farfela, wanda yawancin mutane suke fara gwadawa, bai dace da wannan aiki ba. Garin ƙarfe yana cinye farfelar da robar da ke hana yoyo, sannan da zarar ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga mesa sai ya daina ja, ya bar daidai abin da ake son fitarwa. Famfo mai fatar roba da iskar kwampreso ke bugawa ya fi haƙuri da datti, amma shi ma dogayen zaruruwan ƙarfe suna maƙale masa a bawul.

Injin zuƙa ya kauce wa wannan matsala ne ta hanyar hana ruwan bi ta cikin famfo kwata-kwata. Tanki ne rufaffe a kan tayoyi, ana janye iskar cikinsa, sai nauyin iskar waje ya danna ruwan tankin inji ya tura shi ta cikin mesa, da lakarsa da ɓarɓashinsa duka. Nauyin iskar da ke kanmu ya kai kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita, abin da zai iya ɗaga ruwa zalla sama da mita 10 kaɗan idan an janye iska gaba ɗaya. Babu injin da yake kusantar wannan iyaka a wurin aiki, kuma laka ta fi ruwa nauyi, shi ya sa tsawon mesa da zurfin ramin da za a zuƙo suke da muhimmanci. Abu biyu ake nema a tare: ƙarfin ja, wanda ke ɗaga laka mai nauyi, da yawan iskar da ke gudana, wadda ke ci gaba da kwasar ɓarɓashi bayan bakin mesa ya fito daga ruwa. Injin da ke da ɗaya ba ɗaya zai ba da kunya a ƙarshen aiki, lokacin da aka zo kusurwoyi.

Wajen janye iskar, wasu injinan suna amfani da mota mai lantarki, wasu kuma iskar kwampreso suke amfani da ita, a busa ta cikin ƙuntataccen bututu, saurinta ya ja iskar tanki ya fita da ita. Wannan dabara tana ɗauke da sunan Giovanni Battista Venturi, masanin Italiya da ya wallafa bincikensa a kanta a 1797. Daɗinta shi ne babu abin da ke juyawa balle ya lalace, amma tana shan iska ƙwarai, kuma ƙaramin kwampreso ba zai iya riƙe ta ba. Mafi sauƙin nau'inta shi ne ɗan kan da ake ɗaurawa a bakin duro mai cin lita 200 da 'yan kai, duron ya zama shi ne tankin. A nan sai an kula, domin ko rabin iskar ciki aka janye, kowane murabba'in mita na jikin duron yana ɗauke da nauyin kusan tan 5, kuma duron roba ko na ƙarfe mai lanƙwasa ko tsatsa yana iya lotsewa farat ɗaya.

Inda ake gane inji na kirki shi ne abin da yake yi da abin da ya zuƙo. Ruwan yana fara faɗawa cikin kwandon ƙarfe mai huji-huji da aka shimfiɗa wa buhun tacewa, ɓarɓashi da laka su tsaya a nan, ruwa ya wuce ƙasa, sannan a juya bawul a mayar da shi tankin inji ko a tura shi duron zubarwa. Kafin a saya, ni abin da zan fara dubawa shi ne yadda ake fitar da kwandon idan ya cika, domin jiƙaƙƙen garin ƙarfe ya fi ƙarfin hannun mutum ɗaya, kuma injin da juye kwandonsa yake da wahala jingine shi za a yi a kusurwa. Sai faɗin mesa: mai milimita 50 ta fi mai 38 haƙuri da zaruruwan ƙarfe. Sai kuma abin nan mai iyo da ke rufe hanyar iska idan tanki ya cika, wanda idan babu shi ruwa zai shiga motar lantarkin. Lita ɗaya ta ruwan kusan kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 400 ba abin turawa a kan gangara ba ne.

Tacewa dai ba ta rayar da ruwan da ya riga ya mutu. Buhu yana kama ƙarfe, amma bakteriya suna ratsa shi su wuce, kuma man da ya yoyo sai an yaɗe shi da bel ko faifai na musamman. Kafin a mayar da ruwa sai an auna kaurinsa, an auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda yawanci ake so ya tsaya tsakanin 8.5 da 9.5, an kuma tsoma ɗan allon gwajin bakteriya a ajiye shi awa 48. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya tana ɗaukar ruwan da bakteriyarsa suka haura miliyan ɗaya a kowace mililita a matsayin ruwan da ya kuɓuce, wanda ke bukatar mataki nan take. Wannan tsanantawa tana da dalili: a 2003 zuwa 2004 kimanin ma'aikata 100 ne suka kamu da cututtukan numfashi a wata masana'antar injin mota da ke Longbridge a Birmingham, kuma feshin ruwan yankan ƙarfe aka ɗora wa alhakin. Wannan ya shafi injin zuƙa kai tsaye, domin iskar da yake fitarwa tana iya ɗauko feshin gurɓataccen ruwa ta watsa a fuskar mai aiki idan ba a sa matata a mafitarta ba.

Shi kansa injin yana iya zama mai yaɗa cuta, ya ɗauko bakteriya daga ruɓaɓɓen tanki ya kai wa lafiyayye, ko ya gauraya nau'ukan ruwa biyu da ba sa jituwa, saboda haka ana ɗauraye shi tsakanin aiki da aiki, kuma ba a barin sa ya kwana da kaya a ciki. Wannan ya fi zama wajibi idan garin alminiyom ne ko na maganiziyom, domin idan suka jiƙe suna fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, wadda za ta taru a rufaffen tanki. Fetur da sauran abubuwa masu saurin kamawa kuwa ba a zuƙar su da irin wannan inji sam, sai da wanda aka ƙera musamman domin su.