Kafin ku tashi daga Accra zuwa Guangzhou

Ƙannena 'yan Nima da Mamobi da kuka fara haɗa jari don zuwa ƙasar Sin sayo kaya, kada taswirar waya ta ruɗe ku. Za ta nuna muku cewa daga filin jirgin Accra zuwa na Guangzhou kilomita 12,000 ne da 'yan kai. Jirgin fasinja kuma yana cin kusan kilomita 850 a awa guda, sai mutum ya raba ya ce ai awa 14 ce. Haka na raba nawa lissafin, na ce wa wakilina ya jira ni washegari da safe mu duba kaya. Kafin in sauka an rufe kwantena, takalman da ban taɓa da hannuna ba aka loda mini, kuma na sha wahalar sayar da su.

Tafiyar nan sai an ya da zango. In ka bi Addis Ababa, kusan awa 6 ce daga Accra, daga can kuma kimanin awa 10. In ta Dubai ce, kowane ɓangare wajen awa 8. Zaman jiran jirgi na biyu daban yake.

Sai batun agogo, wanda nan ne aka fi faɗawa rami. Habasha tana gaban Ghana da awa 3, Dubai da 4, Sin da 8. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da ake magana a kansa ne. In ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Ku zauna da biro da takarda ku mayar da komai agogon gida kafin ku ba kowa alkawari, sannan ku bar kwana guda na hutu, domin jiki zai ce dare ne alhali kasuwa ta buɗe. Salla ma haka: mai tafiya gabas rana tana guje masa, azahar da la'asar su zo a gurguje. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kuna gida.

Ina roƙonku, ku guji sayen tikiti biyu daban-daban saboda ragin 'yan sidi. In jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa da kai, kuma jakarka ba za ta wuce da kanta ba. A tikiti ɗaya kuwa, alhakin sa ka a wani jirgi yana wuyansu. Ni dai ba na yarda da zangon da bai kai awa 3 ba.

Dawowa takan ɗan fi zuwa tsawo, don iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas. Wanda zai wuce Kumasi ya duba ko zai riski jirgin ƙarshe na ranar, in ba haka ba ya shirya kwana a Accra.